Shin Tsarkin Zuciya Yana Ɗauke Wa Mutum Salla?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum daga yumɓu, sa'an nan Ya busa masa rai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata magana da ta yawaita a bakunan mutane a wannan zamani, musamman a tsakanin ma'aikata da waɗanda suka yi karatu mai zurfi. In aka ce wa ɗayansu lokacin salla ya yi, sai ya ce, "Ai Allah zuciya Yake dubawa. Ni ban ci amanar kowa ba, ban riƙe kowa a raina ba, tsakanina da Ubangijina lafiya lau." In kuwa aka matsa masa, sai ya nuna wani ɗan kasuwa wanda ba ya rasa sahun farko, ga tabon sujada a goshi, ga carbi a hannu, amma mudunsa biyu ne, ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa. Sa'an nan ya ce, "To, in wannan shi ne addini, a kai kasuwa."

Ba a nan ƙasar kaɗai ake jin irin wannan magana ba. A ƙasashen Turai da Amurka har ta zama matsayi da mutum kan bayyana kansa da shi. Cikin shekarar 2017 cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoton cewa mutum 27 cikin ɗari na manyan mutanen Amurka suna ɗaukar kansu masu kula da sha'anin ruhi, amma ba masu bin addini ba. Saboda haka maganar ta wuce a yi mata dariya, ko a zagi mai ita a wuce. Akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma kuskure, wajibi ne a rarrabe su.

Bambancin Abubuwan Biyu

Addini shi ne abin da Allah Ya saukar ta hannun ManzanninSa, na daga abin da za a gaskata, da ibadar da za a yi, da dokokin zaman tare. Daga wajen mutum yake zo masa, yana da lokaci, yana da adadi, yana da iyaka. Ana koyar da shi a makaranta, ana ganin mai yin sa da ido, alƙali kuma yana iya yin hukunci a kan wani sashe nasa. Shi kuwa ɗaya abin, wanda Larabawan yanzu kan kira ruhaniyya, shi ne halin da cikin mutum yake ciki game da Mahaliccinsa, watau ikhlasi da tsoron Allah da son Sa da natsuwa da ambatonSa. Kada mai karatu ya haɗa wannan kalma da sha'anin rauhanai na masu tsibbu, domin babu abin da ya gama su. Wannan hali na ciki ba mai ganin sa sai Allah, ba a auna shi da mudu, kuma mutum biyu kan tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu guda alhali tsakanin zukatansu akwai nisan sama da ƙasa.

Ashe ke nan akwai bambanci, mai waccan magana bai yi ƙarya ba a nan. Inda ya yi kuskure shi ne zaton da ya yi cewa abin da ya bambanta yana iya rabuwa. Hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, wanda kuma shi ne na biyu cikin Arba'una Hadisi na Imamun Nawawi, ya warware wannan. Jibrilu ya zo cikin siffar mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan abu uku. Musulunci, aka amsa masa da ayyukan gaɓoɓi biyar. Imani, aka amsa masa da abubuwa shida da zuciya ke gaskatawa. Sai Ihsani, aka bayyana masa cewa shi ne mutum ya yi bauta kamar yana ganin Ubangijinsa, in kuwa bai kai haka ba, ya tabbata ana ganin sa. Da baƙon ya tafi, Annabi ya sanar da sahabbai cewa Jibrilu ne ya zo koya musu addininsu. Dukkan ukun ya kira addini. Watau abin da mutanen zamani ke nema a wajen addini, tun farko hawa na uku ne a cikin gininsa.

Mene Ne Ruhi?

Ba za a gane dalilin wannan haɗi ba sai an dubi yadda aka gina shi kansa mutum. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mutum ya wuce gangar jiki. Yana cewa rai ya ɓaci, rai ya yi fari, rai ya yi halinsa. Da zarar kuwa numfashi ya ɗauke, sai sunan mamaci ya faɗi daga bakunan mutane. Wanda ɗazu ake ce wa Alhaji ko Malam, yanzu sai a ji ana cewa a wanke gawa, a ɗauko gawa, alhali babu ko gashi ɗaya da ya ragu a jikinsa. Wani abu ne ya tafi, kuma shi ne mai sunan.

Game da haƙiƙanin wannan abu, Alƙur'ani mai girma ya ja wa ɗan Adam iyaka. A aya ta 85 ta Suratul Isra'i an nuna cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mutane kaɗan ne. Amma an sanar da wasu halayensa. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu ya nuna cewa halittar ɗan tayi tana bin matakai uku na kwana arba'in arba'in, sa'an nan a aiko Mala'ika ya busa masa rai, abin da galibin malamai suka lissafa kwana 120. Aya ta 42 ta Suratuz Zumar kuma ta nuna cewa ana karɓar rayuka a lokacin mutuwa da lokacin barci, sai a riƙe wanda ajalinsa ya cika, a saki ɗayan zuwa wani wa'adi.

Masu hikima sun yi ta ƙoƙarin fahimtar yadda ruhi yake zaune da jiki. Aflaton, masanin ƙasar Girka, ya ɗauki jiki kamar kurkuku wanda ruhi ke jiran kuɓuta daga gare shi. Ibn Sina, likitan nan da ya rasu a 1037, ya kawo wani misali. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya da cikakken hankali, yana rataye a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a wawware ba mai taɓa wata, ba ya jin sauti ko iska. Wannan mutum ba zai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma ba zai yi shakkar cewa shi yana nan ba. Daga nan ya kafa hujja cewa abin da mutum ke nufi in ya ce "ni" daban yake da jiki. Dekart, masanin Faransa wanda ya rasu a 1650, ya raba su gida biyu sarai, sa'an nan ya sha wuyar bayyana yadda suke haɗuwa, har ya ɗora abin a kan wani ɗan ƙullutu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ra'ayin da masana suka yi watsi da shi daga baya.

Shi kuwa Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, a littafinsa Kitabur Ruh ya zaɓi cewa ruhi halitta ce mai taushi wadda ke ratsa dukkan gaɓoɓi, ya kwatanta ta da yadda wuta ke ratsa gawayi, da yadda mai yake cikin 'ya'yan zaitun. Ya kuma ƙirga hali biyar na dangantakar ruhi da jiki: a cikin mahaifa, da bayan haihuwa, da lokacin barci, da zaman kabari, da ranar tashi, wadda ita ce mafi cika domin babu barci ko mutuwa bayanta. Abin lura a nan shi ne, a fahimtar Musulunci ƙarshen tafiyar ruhi komawa ce cikin jiki. Domin haka ne Imamul Gazali, a littafin da ya yi na raddi ga masu falsafa, ya sa musun tashin jikuna cikin mas'aloli uku da ya ce suna fitar da mai su daga addini. Jiki abokin tafiya ne, amana ce kuma da za a tambayi mutum a kanta.

Kowanne Yana Taɓa Ɗan'uwansa

Ko ba a buɗe littafi ba, kowa ya san wannan a kansa. Mutum yana cikin cin abinci a kawo masa mummunan labari, nan take loma ta ƙi wucewa, alhali ba abin da ya sami maƙogwaronsa. Kunya kan sa gumi ya karyo, tsoro kan sa gwiwa ta yi sanyi. Shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka kuma abin yake ta ɗaya ɓangaren. Yunwa kan gajarta haƙuri, ciwo kan kawo baƙin rai, wanda kuma ya cika ciki da buɗa-baki ya san abin da kan same shi a sallar asham.

Labarin Imamul Gazali babban misali ne. An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Iran ta yanzu, a 1058. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana karantar da ɗalibai wajen 300, sarakuna na neman shawararsa. Kamar yadda ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal, sai ya binciki niyyarsa ta koyarwa, ya tarar neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin barin muƙamin da riƙe shi. Cikin shekarar 1095 sai harshensa ya ɗaure, ya zo gaban ɗalibai ya kasa furta kalma, abinci ya daina narkewa a cikinsa. Likitoci suka duba, suka ce cutar daga zuciya ta taso ta bazu cikin jiki, babu magani sai damuwar ta gushe. Ya bar Bagadaza ya tafi Dimashƙa, daga nan Baitul Muƙaddas, sa'an nan ya yi aikin hajji.

To, ga wanda ya kai ƙololuwa a ilimin zahiri ya ga bai tsira ba. Amma abin da ya aikata bayan haka shi ne darasin. Bai ce tun da zuciya ce abin dubawa a bar fiƙihu ba. Littafin da ya fito da shi, Ihya'u Ulumid Din, kashi huɗu ne, kowane kashi littafi goma: ibada, da al'adun zaman duniya, da halaye masu hallakarwa, da halaye masu tsirarwa. Ya bi alwala da salla da azumi da ciniki da aure ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin hukuncinsu, yana kuma nuna ran da ke cikin kowannensu. Sunan littafin ma raya ilimin addini yake nufi, ba a kuwa rayar da abu sai an yarda yana da jikin da rai zai koma.

Wani zai ce likitocin yau sun nuna cewa rauni a ƙwaƙwalwa kan sauya halin mutum, allurar barci kuma kan ɗauke saninsa ɗungum, saboda haka babu wani ruhi sai aikin ƙwaƙwalwa. Abin da likitoci suka gani gaskiya ne, malaman da ma ba su musa cewa jiki shi ne kayan aikin ruhi ba. Gazali ya kwatanta shi da abin hawa. In doki ya yi targaɗe tafiyar mahayi takan lalace, amma wannan bai nuna babu kowa a kan sirdi ba. Na'ura tana iya nuna wurin da ke motsi a ƙwaƙwalwa sa'ad da mutum ke jin tsoro, amma yadda motsin nama ke zama jin da mutum ke ji a ransa, har yanzu masana suna ta muhawara a kai. Mumini dai ba a kan na'ura ya dogara ba wajen tabbatar da ruhi, a kan wahayi ya dogara.

Dalilin Yin Ibada Da Jiki

Tun da haka aka gina mutum, haka aka gina ibadarsa. Babu rukuni ɗaya da bai haɗa biyun ba. Salla da niyya take farawa, wadda aikin zuciya ce, amma ba ta cika sai goshi ya taɓa ƙasa. Mai girman kai yana iya raya wa kansa tawali'u yana kishingiɗe a kujera, amma sa fuska a inda ake sa ƙafa, a sahu ɗaya da mai gadinsa, wani abu ne daban. Azumi ta ciki yake bi ya isa ga zuciya. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya kai kukan ƙeƙashewar zuciyarsa ga Annabi, sai ya umurce shi da shafa kan maraya da ciyar da miskini. Cutar a zuci take, amma maganin da hannu aka ce ya yi shi.

Akwai kuma wata hikima. Halin zuciya yana hawa yana sauka, yau mutum ya ji tausayi, gobe ya wayi gari ba ya ji. Da an bar haƙƙin matalauci ga abin da mawadaci ke ji a ransa, da matalauci ya sha jira. Sai aka yanka zakka ɗaya cikin arba'in na kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, ko mai su ya ji daɗi ko bai ji ba. Salloli biyar ma haka suke, suna zuwa a kan lokacinsu su ta da zuciyar da ta yi barci.

Kuskure Biyu

Na farko shi ne na mai jiki ba rai, watau ɗan kasuwan nan mai mudu biyu. Alƙur'ani ya riga kowa tona asirinsa. Suratul Ma'un ta yi narko ga masallata masu gafala da riya, masu hana taimako. Suratul Muɗaffifina da masu tauye awo ta buɗe. A Suratul Hajji an nuna cewa naman hadaya da jininta ba su ne ke isa ga Allah ba, taƙawar mai yanka ce ke isa. Hadisin Muslim kuma ya siffanta matsiyaci na gaskiya da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare.

Tarihin ƙasar nan ma yana da shaida. Shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga da yawa daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da dukiya da dawaki da tufafin ƙawa, ko da yake tutar ba ta sauya ba, kiran salla kuma bai fasa ba. Abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas, kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙat. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma. Shi ma da ya ga rai yana fita daga aiki, sai ya ƙara riƙe shari'a, ya nemi mayar mata da ranta.

Kuskure na biyu shi ne na mai da'awar rai ba jiki. Tambayar da za a yi masa ita ce, wa ya shaida masa cewa zuciyar tasa tsarkakakkiya ce? In ya ce ita ta gaya masa, to, wanda ake tuhuma ya zama alƙalin kansa ke nan. Suratu Yusuf ta nuna cewa rai mai yawan umurni da mummuna ne, Suratun Najmi kuma ta hana mutum ya tsarkake kansa da bakinsa. Gazali da duk iliminsa ya yi shekaru bai gane abin da ke ɓoye cikin niyyarsa ba, balle wanda bai taɓa zama ya bincike ta ba. Babu kuwa zuciyar da ta kai ta Annabi tsarki, amma ya yi ta tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura, kuma bai bar salla ba har cikin ciwon ajalinsa. Junaidu na Bagadaza, shugaban sufaye wanda ya rasu wajen 910, da aka gaya masa wasu na cewa masu sanin Allah kan kai matsayin da ayyuka ke sauka daga kansu, sai ya nuna cewa ɓarawo da mazinaci sun fi mai wannan magana dama.

Malaman da suka saɓa a kan wasu mas'aloli ba su saɓa a nan ba. Ahmad Zarruƙ, malamin Fas wanda ya rasu a 1493, ya kwatanta buƙatar fiƙihu da tasawwufi ga juna da ta jiki da ruhi. Ibn Taimiyya, wanda ya soki abubuwa da dama na sufayen zamaninsa, shi ma ya yi rubutu a kan cututtukan zuciya da maganinsu. Ko ɗan ƙaramin littafin nan na Ahalari, wanda ɗalibai ke fara fiƙihu da shi a zaurukan ƙasar Hausa, kafin ya shiga babin tsarki sai da ya gabatar da tuba, da haramcin ƙarya da giba da annamimanci da girman kai da riya da hassada. Da yawa sun haddace farillan alwala daga cikinsa, sun tsallake shafin farko.

Makaho Da Gurgu

An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas wani misali a kan jayayyar da ruhi da jiki za su yi ranar hisabi. Ruhi zai ɗora wa jiki laifi domin shi ya aikata, jiki kuma ya ɗora wa ruhi domin shi ya umurta. Sai a buga musu misali da gurgu mai gani da makaho mai ƙafa waɗanda suka shiga wani lambu. Gurgu ya hangi 'ya'yan itace ba ya iya kaiwa, makaho yana iya kaiwa ba ya gani, sai makaho ya ɗauki gurgu suka tsinka. Aka ce wa ya yi laifin? Suka ce duka biyun. Aka ce, to, kun yanke wa kanku hukunci.

Yadda suka haɗu a kan laifi, haka za su haɗu a kan tsira. Saboda haka ma'aikacin nan ya yi daidai da ya ƙyamaci mudu biyu, amma laifin ɗan kasuwa ba hujja ce a kan salla ba, kamar yadda jabun kuɗi ba ya sa a zubar da na gaske. In har zuciyarsa ta kai yadda yake faɗi, sujada ba za ta yi mata nauyi ba, domin wanda ke son wani ba ya jin kiransa sau biyar a yini ya ƙi amsawa. Shi kuma ɗan kasuwa ya sani cewa Suratul Ankabut ta siffanta salla da hana alfasha da abin ƙi, saboda haka ya auna sallarsa da mudunsa, in mudun bai gyaru ba akwai sauran aiki a sallar. Ba a ce ya bar ta ba, an ce ya sa mata rai. Wanda ya fi wani a cikinsu kuwa, wannan sani yana wurin Allah, kuma ƙofar tuba a buɗe take gare su duka muddin rai bai kai ga maƙogwaro ba.

Allah Ya gyara zukatan Musulmi da ayyukansu, Ya sa zahirinsu ya dace da baɗininsu, Ya kyautata ƙarshen kowa. Amin.